Akwatin Anno Domini: faifai huɗu na Black Sabbath da aka yi shekaru ba a samunsu

Tambayi duk mai sauraron kiɗan metal wane ne mawaƙin Black Sabbath, zai ce maka Ozzy Osbourne. In ya ɗan yi nisa a harkar, ya ƙara maka da Ronnie James Dio. Da wuya ka ji an ambaci Tony Martin, alhali kundi biyar bawan Allahn nan ya rera wa ƙungiyar, Dio kuwa uku ne kacal a ƙarƙashin sunan. Bayan Ozzy babu wanda ya kai Martin daɗewa riƙe da makirufon. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan su aka tattara a akwati guda mai suna Anno Domini 1989–1995, wanda ya fito ranar 31 ga Mayu, 2024. Na CD na saya, kuma a mota na fi jin sa, tsakanin Jidda da Rabig da Yanbu, inda aikin gyaran AC yake kai ni.

Abin da aka saba faɗa shi ne Headless Cross ya fi duka, Tyr na bin sa, Cross Purposes ba yabo ba fallasa, Forbidden kuma abin kunya ne da gara a rufe shi. Kunnena bai yarda da wannan jerin ba. A wurina Cross Purposes ne a gaba, kuma tazarar ba ƙarama ba ce.

Sai na ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san yadda aka yi Martin ya shigo ba. A Birmingham ta Ingila ƙungiyar ta tashi a 1968, mutum huɗu: Tony Iommi a gita, Geezer Butler a bes, Bill Ward a ganguna, Ozzy a waƙa. Iommi yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, ga shi bahago ne, wato hannun da yake danna tsirkiya da shi ke nan. Mu da muke yanka kwano muna lanƙwasa shi don bututun iska mun san irin injin, kuma mun san ba ya tambayar sunan mutum. Ya ƙera wa yatsun 'yan huluna, ya sassauta tsirkiyoyi, daga nan aka samu wannan sauti mai nauyi da ya zama tushen metal. An sallami Ozzy a 1979. Dio ya yi kundi biyu ya tafi. Ian Gillan na Deep Purple ya yi Born Again a 1983, Glenn Hughes ya yi Seventh Star a 1986. Lokacin da aka zo The Eternal Idol na 1987, wani Ba'amurke Ray Gillen ya riga ya ɗauki muryoyin sannan ya fice, sai aka ɗauko Martin, shi ma ɗan Birmingham, ya sake rera su. A lokacin Iommi kaɗai ya rage cikin huɗun farko, kuma kasuwar ƙungiyar ta faɗi warwas a Amurka.

Kamfanin I.R.S. na Miles Copeland ne ya karɓe su, shi ya fitar da duka huɗun da ke cikin akwatin nan. Kamfanin ya rufe a 1996, a 1997 kuma aka shirya da Ozzy. Daga nan faifan Martin suka ɓace daga kasuwa. An yi shekaru ba a sake buga su ba, a lokacin ba ka samunsu a Spotify, sai dai tsofaffin CD a hannun masu sayar da kwance, da tsada, ko kuma abin da wani ya ɗora a YouTube da sauti kamar daga cikin rijiya. Ko da aka shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2006, huɗun farko kawai aka kira.

Ni dai ta hannun wani ɗan Filifin na san su, a garejin da na koyi aiki a Sana'iyya, unguwar gareji da masana'antu, bayan na zo wurin baffana. Kaset-kaset ne da shi jaka guda, wasu irin masu tambarin 747 da ake sayarwa a shaguna lokacin, wasu kuma ya ɗauka da kansa ya rubuta suna da biro. Shi ya fara sa mini Cross Purposes. Wanda zai ce tsohuwar zuma ce take yi mini magani yana da hujja, amma zan kawo tawa.

Akwatin kansa ba shi da laifi. Faifai huɗu, kowanne a jakar kwali mai hoton asali, da littafi mai hotuna da bayanin da Hugh Gilmour ya rubuta, da kwafin littafin rangadin Headless Cross, da fosta. Uku an wanke sautinsu ne kawai, Forbidden kuma an sake haɗa shi daga tushe. Na CD yana da ƙarin waƙoƙi uku da na garmaho ba shi da su. Oda na yi daga waje, kuma da aka haɗa kuɗin kawowa da harajin kashi 15, sai da na ɗan yi tsaki. Fostar tana nan a naɗe yadda ta zo. Hoton gicciye ne a maƙabarta, gidanmu kuma Hajiya tana shiga kowane ɗaki ba sallama biyu, ba ni da bakin da zan yi mata bayani.

Headless Cross na Afrilun 1989 shi ne wanda kowa yake rantsuwa da shi, kuma na san dalili. Cozy Powell ne a ganguna, mutumin da ya kaɗa wa Jeff Beck da Rainbow da Whitesnake, kuma shi da Iommi suka yi furodusa. Bayan ɗan gajeren share fage na kibod, ganga ce take buɗe waƙar da aka sa wa kundin sunanta, ita kaɗai, kafin gita ta faɗo. Ka sa wannan a mota a kan titin Yanbu da rana tsaka, sai ka duba ka ga allurar gudu ta haura ba ka sani ba, ga kyamarorin Sahir masu kama masu gudu suna jira. "When Death Calls" ita ce ƙololuwa: tana farawa a hankali, Martin yana rera ta kamar mai raɗa, ta yi nauyi, sannan ta ɓalle da gudu, Brian May na Queen ya shigo da solo. Shi da Iommi aminai ne tun da daɗewa. Bes kuwa wani makaɗin jaz ne, Laurence Cottle, aka ɗauko haya, kuma a "Nightwing" za ka ji hannunsa yana zamewa a kan tsirkiya ta yadda 'yan metal ba su saba ba. Wannan waƙa ta ƙarshe ba a cika yaba ta ba, ni kuwa na fi son ta a kan "Devil & Daughter".

To ina matsalar? Biyu ce. Ta farko, sautin ya tsufa. An cika wa gangunan amsa-kuwwa irin ta ƙarshen shekarun 1980, kibod ɗin Geoff Nicholls kuma ya lulluɓe komai, har gitar Iommi, wadda don ita muka zo, takan koma baya. Wankin da aka yi bai canza wannan ba, sai dai ya ƙara masa haske. "Call of the Wild" da "Kill in the Spirit World" da ka cire sunan da ke jikin faifan, ƙungiyoyi goma na lokacin za su iya cewa nasu ne.

Ta biyu ita ce kalmomin. Kusan kowace waƙa Shaiɗan ne, wuta ce, kabari ne. Ba fatawa na zo bayarwa ba, maganar kiɗa ma baki ɗaya malamai sun yi ta, kowa ya san inda ya tsaya. Amma ko a ma'aunin waƙa zalla, abin ya yi yawa har ya zama wasan yara. Geezer, wanda ya rubuta yawancin kalmomin zamanin Ozzy, ɗan gidan Katolika ne, kuma in ya ambaci Iblis, tsoratarwa yake yi, ko kuma yana zagin masu tura yara yaƙi. Martin ya shigo yana zaton aikin ke nan, a yi ta kiran sunan. Iommi da kansa ya faɗa a littafin tarihinsa cewa sai da suka ce masa ya rage. Akwai waƙoƙi biyu a nan da nake tsallakewa, ba don kiɗan ba. Sunan kundin ma na wata unguwa ce a Redditch, kudu da Birmingham, amma wa zai tsaya jin wannan bayan ya ga hoton?

Kundin ya kai lamba 31 a Ingila, a Amurka kuwa 115, har aka soke rangadin can bayan 'yan wasanni saboda tikiti ya ƙi sayuwa. Inda suka samu karɓuwa shi ne Turai da Tarayyar Sobiyat, suka yi ta wasa a Mosko da Leningrad a ƙarshen 1989. Ƙarin waƙar da aka sa, "Cloak and Dagger", tsohuwar bayan faifai ce, mai ɗan salon bulus, ba ta ƙara komai ba ta rage komai.

Ɗan yayata yana cikin yaran da suka tafi Riyad ganin Metallica a bikin Soundstorm a Disambar 2023, abin da mu a shekarunsa ko a mafarki ba mu hango ba. Na ɗauke shi wani aiki a Rabig, faifan nan yana ciki. Ya saurara ya ce, "Kawu, wannan ai Dio ne." Na ce ba shi ba ne. Ya ce, "To mai kwaikwayonsa ne." Wannan ita ce tuhumar da ta bi Martin duk rayuwarsa, kuma a Headless Cross da Tyr tana da ƙamshin gaskiya. Yakan hau sama ya tsaya can, yana jan wasali irin na Dio. Muryarsa ta fi ta Dio laushi da tsabta, ba ta da wannan gurnani, amma hanyar ɗaya ce.

Tyr ya fito a Agustan 1990, Neil Murray ya karɓi bes. An ce a rage Shaiɗan, sai Martin ya koma tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, su Odin da Valhalla. Mutane sukan ɗauka duk kundin a kan wannan yake, alhali waƙoƙi uku ne kawai a jere: "The Battle of Tyr" ta kibod zalla, "Odin's Court" mai sanyi, sai "Valhalla" ta fashe. Ukun nan tamkar waƙa ɗaya ce, kuma wurin da ta biyu take miƙa wa ta uku yana cikin abubuwa mafi daɗi a akwatin gaba ɗaya. "Anno Mundi" da ta buɗe kundin ita ma haka, muryoyi a jere kamar na coci, sannan rif, wato karin gitar da ake ta maimaitawa, ya sauko. "The Sabbath Stones" ce ta fi kusa da tsohon Sabbath, a hankali, da nauyi, da sarari tsakanin bugu da bugu. "Heaven in Black" labarin nan ne da ake bayarwa na sarkin Rasha Ivan, wai ya makantar da maginin cocin Saint Basil don kada ya sake gina irinta. Sun ga cocin da idonsu a Mosko shekarar da ta gabata.

Abin da ya karya Tyr shi ne "Feels Good to Me". Waƙar soyayya ce da aka yi don rediyo, an dasa ta daidai bayan "Valhalla", lokacin da jini ya gama hawa. Ba mummuna ba ce, gidan da aka kai ta ne ba nata ba. Kundin bai kai minti arba'in cikakku ba, in ka cire ta ka cire share fagen kibod, abin da ya rage kaɗan ne, kuma shi kaɗai ne ba a ƙara masa ko waƙa ɗaya ba. Ya kai lamba 24 a Ingila, mafi girma a zamanin Martin, amma a Amurka bai shiga jerin 200 ba sam, ba su ma je rangadi can ba. Wankin ya yi masa amfani fiye da na farko, don a tsohon kaset ɗina Murray ba ya jiyuwa, yanzu kuwa yana nan.

Tsakanin 1990 da 1994 akwai rami a akwatin, kuma ramin shi ne Dehumanizer na 1992. Geezer ya dawo, Dio ya dawo, aka ce wa Martin ya ɗan jira a waje. Cozy ma doki ya faɗo masa ya karya ƙugu, Vinny Appice ya hau kujerar. Martin ya je ya yi kundinsa na kansa, Back Where I Belong. Ba a je ko'ina ba aka ɓata: a Nuwambar 1992 aka nemi ƙungiyar ta buɗe wa Ozzy wasa a Costa Mesa ta Kalifoniya, Dio ya ce ba da shi ba, Rob Halford na Judas Priest ya tsaya a madadinsa. Sai aka sake ɗaga waya aka kira Martin, kuma ya zo. Duk wanda ya yi zaman ƙasar nan ya san irin ma'aikacin: wanda kafil, wato ubangidan aiki, yake nema in manyan ma'aikata sun yi yaji, ya kwana yana aiki, ranar da suka huce kuma a nuna masa ƙofa ba ko na gode. Martin ya sha faɗa cewa a ƙarshe ma ba wanda ya kore shi da baki, waya ce kawai ta daina ƙara.

Mutumin da aka yi wa haka ne ya rera Cross Purposes, wanda ya fito a Janairun 1994, kuma ana jin bambancin tun daga waƙar farko. Ya sauko daga saman da yake hawa, yana rerawa a tsakiyar muryarsa, da ɗaci a ciki. A nan ne ya daina zama inuwar kowa. Ɗan yayar tawa da na sa masa "Virtual Death" bai ce Dio ba, cewa ya yi Alice in Chains, kuma ya yi daidai, don muryoyin da aka jera a kan juna irin nasu ne. Sai dai su ɗin ma a gidan Iommi suka koyi tafiya, saboda haka bashi ne aka karɓo.

Babban abin da wannan kundi yake da shi wanda sauran ukun ba su da shi shi ne Geezer Butler. Cottle gwani ne, Murray ma gwani ne, amma suna bin gita ne a baya cikin ladabi. Geezer ba ya bi, kokawa yake yi da ita. Yana dukan tsirkiya da yatsu har ka ji ƙarar ƙarfen, yana cike duk gurbin da Iommi ya bari. Saurari yadda bes ɗinsa shi kaɗai yake buɗe "Virtual Death", ko yadda yake gudu a ƙarƙashin "I Witness". Da ya dawo, sai kibod ya koma inda ya dace da shi, can baya. Bobby Rondinelli, shi ma tsohon ɗan Rainbow, ba shi da sunan Cozy, amma ya fi shi barin waƙa ta yi numfashi. Sautin a bushe yake, ba amsa-kuwwar banza, shi ya sa bayan shekara talatin bai tsufa ba kamar na 1989.

Kalmomin ma sun sauko duniya. "Psychophobia" a kan David Koresh ce, mai da'awar annabcin nan da aka yi wa ƙawanya a Waco ta Texas a 1993, rif ɗinta kuma a karkace yake, ba ya zama inda kake jiran sa. "The Hand That Rocks the Cradle" a kan Beverley Allitt ce, ma'aikaciyar jinyar da ta kashe yara huɗu a wani asibitin Ingila a 1991. Tana farawa da laushi kamar waƙar reno, abin da ya sa in ka san labarin sai tsigar jikinka ta tashi. "Cross of Thorns" rikicin Ireland ta Arewa ne, kuma a ganina ita ce waƙa mafi kyau da Martin ya taɓa rerawa. Ba ya ihu, ba ya nuna gwaninta, amshin ne kawai yake hawa a hankali har ya cika ƙirji. Wannan tsoro na gaske ne, na mutum da abin da yake yi wa ɗan'uwansa, ya fi mini duk aljanun Headless Cross.

Iommi kansa a nan ya fi sakewa. Solon da ya buɗe "Dying for Love" da shi bulus ne tsantsa, yana jan kowace tsirkiya kamar ba ya son sakin ta. "Immaculate Deception" tana tafiya a natse sai ta zabura a tsakiya. "Evil Eye" da ta rufe kundin da hannun Eddie Van Halen a rubutunta, ko da yake ba a sa sunansa ba. Inda kundin ya yi rauni shi ne "Back to Eden", wadda ko an cire ta ba wanda zai yi cigiya. Ƙarin da aka sa, "What's the Use", da can sai a bugun Japan ake samunta, gajeriya ce mai gudu, kuma ta fi "Back to Eden" cancantar zama a ciki tun farko. Hoton bangon, mala'ika mai fukafukai suna cin wuta, ya yi kama da wanda Scorpions suka riga suka sa a faifan "Send Me an Angel", wannan kam sakaci ne.

Me ya sa ba a yaba shi? Lokacin ne bai yi ba. A 1994 kasuwa ta koma hannun ƙungiyoyin Seattle irin su Alice in Chains, masu son tsohon Sabbath kuma jiran Ozzy suke yi, masu son Headless Cross suna jiran wani Headless Cross ɗin. Ya tsaya a lamba 41 a Ingila, 122 a Amurka. Geezer ma bai tsaya kare shi ba, ya fice bayan rangadi ya koma wurin Ozzy.

Saura Forbidden na Yunin 1995, wanda saboda shi da yawa suka sayi akwatin. An dawo da Cozy da Murray, wato tawagar Tyr, amma aka ɗauko Ernie C, mai gitar Body Count, ya yi furodusa, mawaƙin rap Ice-T kuma ya yi magana a tsakiyar waƙar farko, "The Illusion of Power". An yi aikin a gurguje. Abin da ya fito a lokacin siriri ne, gangunan Cozy kamar ana buga kwali, muryar Martin a binne. Shekara 18 aka yi ba a sake fitar da sabon kundin situdiyo da sunan Black Sabbath ba, sai kundi mai suna 13 a 2013.

Iommi da injiniyansa Mike Exeter sun koma kan asalin ɗaukar sun sake haɗawa, kuma aikin ya yi kyau ƙwarai. Gita ta yi kauri, ganga ta dawo ganga, ana jin abin da Martin yake faɗa. Cozy bai ga wannan ba, ya rasu a haɗarin mota kusa da Bristol a Afrilun 1998, Nicholls ma ya rasu a 2017. Yanzu "Get a Grip" tana da haƙora. "Can't Get Close Enough" da "I Won't Cry for You" sun fito da kyansu. "Kiss of Death" da ta rufe kundin kuwa, da a Cross Purposes take da tuni ana lissafa ta cikin manya.

Amma gyaran sauti ba ya rubuta waƙar da ba a rubuta ba. A "The Illusion of Power" da "Shaking Off the Chains" Martin bin rif kawai yake yi da baki, babu karin da zai zauna maka a kai, alamar ba a ba shi lokaci ba. "Sick and Tired" da "Guilty as Hell" rabin aiki ne. Maganar Ice-T ba ita ce matsalar ba kamar yadda ake ta yayatawa, 'yan daƙiƙoƙi ce, ta wuce. Wanda ya ce sabon haɗin ya mayar da Forbidden babban kundi ya yi zuƙu. Ya tashi daga wanda ba a iya saurare zuwa wanda rabinsa yake da kyau, kuma "Loser Gets It All" da aka ƙara ta fi waƙoƙi uku na cikinsa. Abin da ya ba ni haushi shi ne ba a sa tsohon haɗin a gefe ba. Faifai ɗaya ne zai ƙaru, mai saye ya kwatanta da kunnensa. Yanzu yaro irin ɗan yayata zai ji ana cewa an gyara, bai san me aka gyara ba.

Ba wannan kaɗai ya ɓace ba. The Eternal Idol ba ya ciki saboda haƙƙinsa yana hannun wani kamfanin, don haka labarin Martin ya fara ne daga babi na biyu, babu "The Shining". Cross Purposes Live na 1995, wanda ya nuna shi yana rera waƙoƙin Ozzy da na Dio a gaban jama'a, shi ma babu. Babu gwajin situdiyo ko ɗaya, babu wasan Mosko. Akwatunan da aka yi wa Paranoid da Vol. 4 da Sabotage cike suke da irin waɗannan. Ko a ranar da aka tuna da shi, rabon Martin bai kai na sauran ba. A wasan bankwana na Villa Park ranar 5 ga Yuli, 2025, makonni kaɗan kafin rasuwar Ozzy, huɗun farko ne suka hau, kuma waƙoƙin farkon shekarun 1970 suka yi.

Wanda yake da na'urar CD a mota ko a gida, kuma yana son littafin da hotunan, akwatin ya ci kuɗinsa. Na garmaho ban ba da shawara ba a garin nan, ga tsada, ga rashin ƙarin waƙoƙin uku, ga zafin Jidda da yake lanƙwasa faifai in ka manta shi a mota rabin yini. Wanda kuma kiɗan kawai yake so, daga baya an fitar da kundayen ɗai-ɗai, sun kuma hau manhajojin saurare. Ya fara da Cross Purposes daga farko har ƙarshe, ya bi da rabin Tyr, daga "The Sabbath Stones" zuwa "Valhalla". A Headless Cross ya nemi "When Death Calls" da "Nightwing". Forbidden kuwa ya faro shi daga waƙa ta biyu.